Bindigar iska mai karyewa ta araha: yadda za ka gwada ta kafin ka yanke mata hukunci

Shekarar da ɓeraye suka addabi ɗakin da nake ajiye masara da abincin kaji a wajen Rigachikun, na sayi bindigar iska irin wadda ake karya bututunta a ɗana. Ta araha ce, fenti ne kawai ya rufa wa katakonta asiri. A makon farko na yi harbi ya fi 50 a jikin kwali, babu biyu da suka faɗa wuri guda. Raina ya ɓaci, na ce kuɗina sun tafi a banza. Wani dattijo maƙwabcin gonata, wanda ya daɗe yana farauta, ya karɓe ta ya jujjuya, sai ya ce, "Ɗana, kawo mini sukundireba." Ashe sukurori biyun da ke gaba duk sun saki. Ya ɗaure su, ya nuna mini yadda ake ɗora ta a tafin hannu ba tare da an shaƙe ta ba. Kafin la'asar, harsasai biyar sun taru a wurin da murfin kwalbar lemo zai rufe, daga nisan mita 15.

Araha ba ta ado, wannan gaskiya ne. Amma tun daga ranar na gane cewa yawancin laifin da muke ɗora wa irin wannan bindiga na sukuru ne, ko na mai, ko na harsashi, ko na hannun mai riƙe ta. Akwai kuma aibin da ba ya gyaruwa, wanda ya kamata ka gano shi tun kuɗinka suna aljihu. Ga yadda nake bi, ɗaya bayan ɗaya.

Takarda tukuna

Mutane da yawa suna ɗauka tunda ba ta cin albarushi, kayan wasa ce. Doka ba ta ɗauke ta haka ba. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta sa bindigar iska a rukuni ɗaya da bindigar farauta irin mai baki biyu, kuma lasisin wannan rukuni daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki ita ce kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Dokar ta kuma hana a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. Saboda haka kafin ka nufi kasuwa, ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha ka ji halin da ake ciki game da lasisi.

Mu a Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk wanda ya bi hanyar Birnin Gwari ko ta Abuja ko ta Kachia ya san shingayen bincike, ya san kuma yadda zukata suke a tsorace. Daga nesa, musamman da magariba, babu mai iya bambanta bindigar iska da ta yaƙi. Idan za ka kai ta gona, ta kasance cikin jaka, ba a ɗane ba, babu harsashi a ciki, takardarka tana tare da kai. Ka sanar da mai unguwa da 'yan sintirin yankin cewa kana da ita da abin da kake yi da ita.

Abin da ke faruwa a cikinta

Sai ka fahimci wannan sannan sauran bayanin zai zauna maka. A bayan bututu akwai silinda, a cikinta akwai sifirin mai ƙarfi da fistin mai roba a gaba, kamar famfon keke. Idan ka karya bututun ka ja shi ƙasa, wani ƙarfe yana tura fistin baya har ya maƙale a mariƙinsa. Kana jan kunama sai fistin ya zabura gaba, ya matse iska ta wani ɗan ƙaramin huji, iskar ta kori harsashi.

Abu biyu suke biyo bayan haka. Na farko, bindigar tana motsi tun harsashi bai bar bututu ba: ta yi shuri baya lokacin da fistin ya tashi, ta kuma fizga gaba lokacin da ya tsaya. Na biyu, iskar da aka matse farat ɗaya tana yin zafi ƙwarai, har takan kunna mai idan ta same shi, kamar yadda injin dizal yake aiki. Wasu kamfanoni suna sa silindar gas a madadin sifirin. Crosman na Amurka suna kiran tasu Nitro Piston, Gamo na Sifaniya suna cewa IGT, Hatsan na Turkiyya kuma Vortex. Ƙugin ya fi sauƙi a waɗannan, amma shurin nan mai kai da komowa yana nan.

Bambancin ta araha, irin B2 da ake yi a Shanghai da danginta, da manyan na Jamus irin Weihrauch da Diana, yawanci ba a ƙarfin harbi yake ba. Yana wajen laushin kunama, da gogewar ƙarfen ciki, da kuma tantancewa kafin kaya su bar masana'anta. Shi ya sa za ka ga bindigogi biyu iri ɗaya, daga kwali ɗaya, wannan ta yi kyau waccan ta ƙi. Dole idonka ya yi aikin da ba a yi a can ba.

A gaban mai sayarwa

Ka nemi izini ka buɗe bututun kaɗan, ba tare da ka ɗana ba. Ka leƙa ta baya, bakin yana fuskantar haske. Ya kamata ka ga zane mai murɗewa kamar zaren noti, tsaf daga farko har ƙarshe, babu tsatsa babu rami. Ka duba leɓen bakin bututun, inda harsashi ke fita. Idan ya lotsa ko ya karce a gefe ɗaya, iska za ta riƙa tsere wa harsashi ta nan tana kauda shi, kuma wannan aibi ne da ba kowa ke iya gyarawa ba.

Sai ka rufe. Ka saurari ƙarar rufewar, ta zama "ƙas" mai ƙarfi. Ka riƙe katako da hannu ɗaya, ka girgiza bututun hagu da dama, sama da ƙasa. A wurina wannan shi ne gwajin da ya fi kowane muhimmanci, domin bututun da ba ya komawa mazauninsa daidai kowane lokaci ba zai taɓa maimaita harbi ba. Ɗan motsin gefe yakan gyaru da ɗaure notin da bututun ke juyawa a kansa, in dai noti ne. Wasu na araha ƙusa ce kawai aka buga, babu abin ɗaurewa. Idan irin wannan tana lilo tun tana sabuwa, ajiye ta.

Ka duba ɗan zoben roba da ke kewaye da ramin sa harsashi. Ya ɗan fito sama da ƙarfen, babu tsagewa. Ka ɗaga bindigar ka bi ta da ido daga gindi zuwa baki: bututun ya miƙe, ƙahon saiti na gaba bai karkace ba. Bututun da ya ɗaga sama alama ce an taɓa sakin kunama yana buɗe, ya maku da ƙarfi. Idan ta hannu ce, ka dubi kawunan sukurori. In sun cinye, wani ya riga ka shiga cikinta.

Akwai masu sayarwa da za su ɗana su harba babu harsashi don ka ji ƙara. Ka ce, "Alhaji, don Allah bari." Idan babu harsashi babu abin da zai tare iskar, sai fistin ya daki ƙarshen silinda kai tsaye, robar ta lalace, sifirin ya gaji. Wadda aka saba yi wa haka a shago ba ita za ka ɗauka ba.

Lambar da ke jikin kwali

Za ka ga an rubuta 1000 ko 1200 da manyan baƙaƙe, wato gudun ƙafa kaza a sakan ɗaya. Ƙafa 1000 kusan mita 305 ke nan. Abin da ba a faɗa da ƙarfi shi ne yawanci da harsashi marar nauyi ake auna wannan, wanda ba na dalma ba, mai nauyin kusan giram 0.35. Ka sa na dalma mai giram 0.53 a bindigar nan, lissafi zai ba ka kusan mita 250 a sakan. Kuma hakan ya fi maka alheri. Sauti yana gudun kusan mita 340 zuwa 350 a sakan, harsashin bindigar iska kuwa idan ya kusanci wannan gudun sai ya fara tangaɗi, ƙarar ma ta zama kamar ta bulala.

A Ingila, bindigar iskar da ake riƙewa ba tare da lasisin makami ba ba ta wuce ƙarfin kusan jul 16 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin dukan harsashi), kuma da ita suke harbin zomo da ɓera. A Jamus iyakar jul 7.5 ce. Masu gasar Olamfik suna harbi daga mita 10 a kan ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne, da bindigogi marasa ƙarfi. Ni dai shawarata ga mai farawa, ya nemi matsakaiciya. Mai tsananin ƙarfi takan buƙaci ja na kilo 15 zuwa 20 kafin ta ɗanu, shurinta ya fi yawa, tana saurin kwance sukuru, kuma bayan harbi 20 hannunka ya fara rawa.

Girman rami iri biyu ne aka fi samu, milimita 4.5 da 5.5. Na 4.5 ya fi miƙewa a tafiya, harsashinsa ya fi araha. Na 5.5 ya fi nauyi, kusan giram 0.93, yana saurin sunkuyawa amma dukansa ya fi zama a jikin ɓera. Ƙarfin kusan ɗaya ne: giram 0.53 a gudun mita 240 da giram 0.93 a gudun mita 180 duka suna ba da kusan jul 15. Ka zaɓi wanda za ka riƙa samun harsashinsa mai kyau a garin nan ba tare da wahala ba.

Ranar farko a gida

Sabon bututu yana zuwa da maiƙon hana tsatsa. Ka samo zaren roba irin na kamun kifi, ka ninka shi, ka zura ta baki ya fito ta baya, ka maƙala ɗan ƙyallen auduga mai tsabta ka jawo zuwa baki. Ka maimaita har ƙyalle ya fito ba baƙi. Kada ka tura waya ko sandar ƙarfe, ƙarfen bututun bindigar iska yana da taushi.

Sai sukurori. Yawanci biyu ne a gaba, hagu da dama, da ɗaya ko biyu a wajen kunama. Ka ɗaure su su kama sosai, amma ba har katako ya fara kuka ba. Idan suna yawan saki, ka kwance, ka goge maiƙon jikinsu, ka ɗiga Loctite mai launin shuɗi, gam ɗin da ke hana sukuru saki, a zaren. Wanda bai samu ba, ɗigon jan farce yana taimakawa. Kada ka sa gam mai kamawa har abada, wata rana za ka so kwancewa.

Kafin harbin farko ka tanadi inda harsashi zai tsaya. Babban kwali da aka danƙare da tsummoki ya isa, ko buhun yashi. Masu walda a Panteka za su iya haɗa maka ɗan akwati da farantin ƙarfe a karkace a bayansa, yadda harsashi zai daka ya faɗa ƙasa. A bayansa kuma ya zama akwai tudun ƙasa ko katangar laka. Bulon siminti, dutse, busasshen icce mai tauri da saman ruwa duk suna dawo da harsashi, shi ya sa nake sa tabarau ko da harbi ɗaya zan yi. Kwanon rufi ba ya tare shi. Wanda aka harba sama kuwa yana iya tafiyar mita 300 ko fiye, ya sauka a tsakar gidan da ba ka sani ba.

Ɗanawa da ɗurawa

Ka kafa gindin a cinyarka, bakin yana kallon inda babu kowa. Ka bugi bututun da tafin hannu kusa da baki ya buɗe, ka ja shi ƙasa a tafiya ɗaya har ka ji ya kama. Daga nan kada ka saki bututun. Hannu ɗaya yana riƙe da shi, ɗayan ya sa harsashi ya danna shi da babban yatsa har ya shafe da ƙarfen, sannan ka mayar ka rufe. Wasu suna da makarin da ke hana kunama aiki idan bututu yana buɗe, amma a bindigar araha ban yarda in ba wannan ƙaramin ƙarfe amanar yatsuna ba. Idan mariƙin ya kuɓuce, bututun zai maku kamar tarko a kan duk abin da ya samu.

Riƙo

Nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa, musamman wanda ya taɓa harba bindigar albarushi, domin an koya masa ya danne ta a kafaɗa da ƙarfi. Wannan ba haka take so ba. Tunda tana motsi kafin harsashi ya fita, ba za ka iya hana ta motsin ba. Abin da za ka iya shi ne ka bar ta ta yi motsi iri ɗaya kowane lokaci.

Ka buɗe tafin hannunka na gaba, ka ɗora katakon a kai, kaɗan gaba da kunama, wajen da nauyinta ya daidaita. Kada yatsu su naɗe ta. Gindin ya taɓa kafaɗa kawai, kunci ya kwanta a hankali, hannun kunama ya riƙe kamar mai riƙe ƙwai. Idan za ka jingina, ka ɗora bayan hannunka a kan buhu ko matashi, bindigar kuma a kan hannun. Ɗora ta kai tsaye a kan tebur ko katanga ko reshe yana sa ta yi tsalle, harsashi ya tafi inda ya ga dama.

Wurin da ka ɗora hannu yau, nan za ka ɗora gobe. Ni na manna ɗan salatif a katakon don yatsana ya riƙa gane wurin. Ka gwada matsar da hannun gaba da faɗin yatsu uku ka gani, harbin zai sauya mazauni. Ka ja numfashi, ka saki rabi, ka matsa kunama a hankali har harbin ya fita da kansa. Kunamar ta araha takan yi doguwar tafiya tana jan ƙafa, sai ka koyi inda take saki. Bayan harbin kada ka ɗaga kai. Ka ci gaba da kallon inda ka auna har ka ƙirga biyu. Dattijon nan ya riƙa ce mini, "Ɗana, bar ta ta gama maganarta."

Harbin farko-farko zai yi hayaƙi da wari da ƙara mai kaifi, man masana'anta ne yake ƙonewa. Bayan 'yan gommai ya kamata ya lafa. Kada ka yanke mata hukunci sai ka ƙarar da gwangwanin harsashi ɗaya, kusan harbi 500. A lokacin ƙarafan ciki sun goge juna, ɗanawa ta yi laushi, kai ma hannunka ya saba.

Harsashi

Kowane bututu yana da irin wanda yake so, ba kuma mai faɗa maka sai gwaji. Mai zagayayyen kai shi ne ya fi tafiya daidai a kowane nisa. Mai tsini yana da ban tsoro a ido amma yakan warwatsu. Mai shafaffen kai yana huda takarda tsaf, yana kuma aiki a kan ɓera a kusa. JSB na ƙasar Cek, H&N da RWS na Jamus, da Crosman Premier, sunaye ne da masu harbi suka sani. Ka samo iri uku in da hali. Sau da yawa bindigar araha da harsashi mai kyau takan doke mai tsada da harsashin banza.

Ka zuba kaɗan a hannu ka duba. Wanda gindinsa ya lotsa, ko yake da tsagin gefe, ka ware shi. Wanda aka riga aka harba ba a maimaita shi. Ƙusa, tsakuwa da 'ya'yan boris suna cinye zanen cikin bututu, ba ya kuma dawowa.

Wata ɗabi'a da nake roƙon a bari ita ce zuba harsasai a baki don saurin ɗurawa. Dalma guba ce. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Ka sa su a aljihu ko ƙaramar jaka, ka wanke hannu da sabulu kafin ka sa shi a tuwo, ka kuma tattara waɗanda suka faɗi kada kaji ko yara su tsinta.

Gwajin kansa

Ka zaɓi lokacin da iska ta kwanta. A hunturu wannan yana da wuya, domin iskar tana kauda ɗan harsashin nan sosai, sai ka nemi wurin da katanga ta kare. Ka auna mita 10. Ka yi ɗigo da alƙalami a takarda, ka harba biyar kana auna ɗigon, ba tare da ka taɓa saiti ba ko da suna faɗawa gefe. A yanzu ba ruwanka da inda suka faɗa, taruwarsu kake nema. Ka yi haka sau uku da kowane irin harsashi, ka rubuta sunansa a jikin takardar. Wanda ya yi nasara, ka kai shi mita 20.

Ma'aunina shi ne murfin kwalbar lemo. Bindigar arahar da ke tara biyar a ƙarƙashinsa daga mita 20 ta biya kuɗinta. Wadda sai akwatin ashana ke rufe nata, ta isa harbin gwangwani amma ba ta isa a auna abu mai rai da ita a wannan nisa ba.

Takardar tana magana idan ka iya karanta ta. Hujin da suka jeru daga sama zuwa ƙasa suna nuna ƙarfin harbin yana hawa da sauka, ko bututun ba ya rufewa daidai, ko hannunka na gaba yana sauya wuri. Don ka gane ko zoben roba ne ke zubar da iska, ka ɗora 'yar takardar tishu a kan mahaɗar bututu ka harba. In ta yi tsalle sama, zoben yana bukatar canji, kuma abu ne mai araha. Waɗanda suka jeru hagu zuwa dama, ko notin bututu ne ya saki, ko fizgar kunama kake yi, ko iska ce.  Idan tarin yana tafiya a hankali zuwa gefe ɗaya, koma kan sukurori. Huɗu a haɗe ɗaya can nesa kuwa, yawanci harsashin ne.

Wanda ba shi da na'urar auna gudu, ga dabara: ka harbi sandar sabulun wanki daga taku biyar, ka zura tsinke ka auna zurfin, ka rubuta. Bayan wata shida ka maimaita da irin sabulun da irin harsashin. In zurfin ya ragu sosai, roba ko sifirin ya gaji.

Idan ka ƙarar da gwangwani, ka ɗaure komai, ka gwada harsashi iri uku, ka kuma ba wanda ya fi ka hannu ya gwada, amma har yanzu daga mita 10 tafin hannu ba ya rufe su, to matsalar a ƙarfen take. Kada ka ƙara zuba mata kuɗi. Kada kuma ka kwance silindar da kanka: sifirin yana danne ko ba a ɗana ba, yana iya fitowa ya fasa fuska. Goge mariƙin kunama da magagari don ta yi laushi shi ma haɗari ne, domin bindiga takan koma tana tashi da kanta.

Saiti da madubi

Sai tarin ya yi kyau sannan ake gyara saiti. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka matsar da saitin baya zuwa inda kake so harsashi ya koma. Yana faɗawa hagu, ka kai saitin dama. Yana ƙasa, ka ɗaga. Ka daidaita a mita 20, sannan ka gwada a 10 da 30 ka san inda yake faɗawa.

Ina ba da shawara a fara da saitin ƙarfe. Na gaba da na baya duk a jikin bututu suke, ko bututun ya ɗan kauce suna tare da shi. Madubin hange kuwa a kan silinda yake zaune, shi ne ke tona asirin bututu mai lilo. Ga kuma shurin nan mai kai da komowa, wanda ke wargaza cikin madubin da ba don bindigar sifirin aka yi shi ba, har da masu tsada. Wanda ake haɗowa kyauta a kwali sau da yawa ba ya daɗewa. In za ka sa, ka nemi wanda aka rubuta an yi shi don irin wannan bindiga, da mazauni mai 'yar ƙusar da ke shiga rami a saman silinda don kada ya riƙa zamewa baya. Yawancin masu karyewa bututunsu yana ɗan sunkuyawa, har madubi ya ƙure bai kai ba. Siririn yankin robar gora a ƙarƙashin madubin, cikin zoben baya, yakan magance haka. Ka kuma tuna madubi yana sama da bututu, don haka ɓeran da ke mita 5 harsashi zai same shi ƙasa da inda ka auna da kusan faɗin yatsu biyu.

Mai, damina da hunturu

Baƙin mai, man keken ɗinki, man gyaɗa da WD-40 kada ɗayansu ya shiga hujin silinda. Wasu suna ɗigawa da gangan don su ji ƙara su ga hayaƙi, suna cewa ta ƙara ƙarfi. Fashewa ce ke faruwa a ciki, tana ƙona roba tana karya sifirin. Man silikon da aka yi don bindigar iska kaɗai ake sawa, ɗigo ɗaya ko biyu, sai ka ji fistin ya fara ƙara wajen ɗanawa. Tsofaffin da fistinsu ke da fata a madadin roba sun fi bukatar mai a kai a kai. Mahaɗar bututu da ƙarfen ɗanawa kuwa ɗan giris ya ishe su.

Daminar Kaduna tana da laima, daga Yuni zuwa Satumba yatsa ɗaya mai gumi ya isa ya bar tabon tsatsa kafin safiya. Ka ajiye ƙyalle mai ɗan mai, duk lokacin da ka taɓa ƙarfen ka goge. Kada ka rufe ta cikin jakar soso da ta jiƙa. Hunturu kuma yana busar da katako ya tsuke, sukurorin da ka ɗaure da damina sai su saki, saboda haka da zarar buji ya fara ka bi su da sukundireba. Ka rufe bakin bututu daga ƙura. A zafin Maris da Afrilu kada ka bar ta cikin mota a rana.

Idan za ka auna abu mai rai

Iyakarka ita ce nisan da kake samun murfin kwalba kowane lokaci, ba sau ɗaya cikin uku ba. Bindiga mai ƙarfin jul 15 ta isa ɓera, kurciya da hasbiya, da gafiya a kusa idan an samu kai. Ba ta kare ba ce, ba ta akuya ko mage ba. Masu harbin akuyar maƙwabci wai don su kore ta daga gona suna barin dalma a cikin nama, ciwon ya ruɓe, dabba ta wahala, zumunci ya lalace. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai abin koyon harbi. Gwaji na takarda ne da gwangwani. Mutum kuwa ko da wasa ba a nuna shi da ita, domin a ido, a wuya ko a gefen kai tana kisa, balle yaro.

Ɓeran da ka kashe kada ka ɗauka da hannu. Zazzaɓin Lassa daga fitsari da kashi da jinin ɓera ake kamuwa da shi. Ka kwashe da shebur, ka binne da zurfi nesa da rijiya da wurin abinci.

Idan ka gama, ka tabbata ba a ɗane take ba. In akwai harsashi a ciki, ka harba shi cikin buhun yashi, domin barin sifirin a danne kwana da kwanaki yana rage masa ƙarfi. Ka goge ƙarfen, ka kulle bindigar a wuri ɗaya, gwangwanin harsashi a wani wurin daban, makullan kuma su kwana a aljihunka.